Bas ɗin Mordecai da Kwanon Sirace

A kwayar cocinmu da ke Samaru, wato ƙungiyar mawaƙa, layin baya na masu bas ne, masu kaurin murya, kujerar bakin taga kuwa ta Mordecai ce tun kafin a yi wa cocin silin. Ni ne na kusa da shi. Shekara da shekaru ina wage baki a gefen mutumin nan, amma ko matata ba ta taɓa jin muryata ba, don idan ya ja “Amin” har gilashin taga sai ya amsa.

Abincin kaji yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma shi kansa ya fi buhunan nasa cika. Tumbinsa ne teburinsa. A kai yake ɗora littafin waƙa, ya saki hannu biyu yana kaɗawa. Ya yi imani da zuciya ɗaya cewa a tumbi bas yake zama, ya sha gaya min wai rashin cin tuwo ne ya hana nawa ƙarfi.

Sai dai ƙibar ta zo da nata. Idan ya yi barci numfashinsa kan ɗauke, sai matarsa Winifred ta zungure shi ya dawo da gurnani. Likita ta haɗa shi da injin da ke hura masa iska ta tiyo, da takunkumi a hanci. Daga baya, da ciwon gwiwa da hawan jini suka taru masa, aka yi masa tiyatar rage ciki.

Mordecai ya zube, wandunansa suka koma na mutum biyu. Ranar da ya dawo gwajin waƙa ya buɗe baki, abin da ya fito ta hanci ya fito, siriri kamar kukan sauro. Malama Bibiana mai koya mana waƙa ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce Godiyar Kaka ta matso, idan muryar ba ta dawo ba ni zan ja baitin bas, shi kuma a ba shi kacau-kacau ya tsaya cikin yara. Na ji daɗi, ba ƙarya. Amma da na ga irin kallon da ya yi wa kacau-kacau ɗin, sai tausayinsa ya kama ni.

Shi a wajensa magana ta ƙare, likitoci sun yanke bas ɗin sun zubar tare da tumbi. Alhali hancinsa ne. Takunkumin da aka auna da tsofaffin kumatunsa ya yi wa sabuwar fuska yawa, iska na zurarewa ta gefe tana fito. Injin kuma bai san an yi tiyata ba, yana nan yana ɗura wa ramamme iskar ƙato. Kullum ya tashi hanci a bushe, a toshe, wata rana har da haɓo. Komawa asibiti kuwa ya ƙi, wai kada su ga sauran su ƙara yanka.

Sabon Gari ya nufa, wajen Dele mai gyaran takalmi, wanda ya tamke masa takunkumin da robar tayar babur. Fito ya daina, amma hancin yana nan yadda yake, ga shatin roba ya zagaye masa fuska har abokan ciniki suna tambayar ko faɗa ya yi.

Sai Winifred ta tuna wani abu. Ranar da aka ba su injin, likita ta nuna musu ɗan kwano a gefensa, ta ce a riƙa zuba ruwa don iskar ta yi danshi, “kamar dai sirace”. Su kuwa ba su taɓa zuba ko ɗigo ba. To, Winifred a hannun kakarta ta tashi, ta san sirace ciki da waje, kuma a iya saninta ba a yinsa da ruwa zalla. Ta dafa ganyen darbejiya da lemun tsami da citta da kanumfari, ta ƙara ɗan barkono don abin ya ratsa, ta tace, ta cika kwanon.

Maƙwabta sun ce atishawar farko sun ɗauka taya ce ta fashe a titi. Washegari ya zo gwaji ido jawur, hanci a kumbure, yana ƙamshin farfesu, har mai ganga ya tambaya ko akwai saura.

Ni na goya shi a babur zuwa asibiti, yana rungume da injin, yana yi min wasiyya a kunne. Likita ta shinshina kwanon, ta nemi uzuri ta fita, muna jin dariyarta ta taga. Da ta dawo ta ce ban da tataccen ruwa zalla kada kome ya sake shiga kwanon nan, a kuma riƙa wanke shi. Ta ba shi takunkumi daidai fuskarsa da ruwan gishiri na fesawa a hanci, ta sa a sake gwada barcinsa don a rage ƙarfin iskar. Mun miƙe ke nan sai ya tsaya, ya rage murya.

“Likita, wancan da kuka cire, babu murya a cikinsa?”

“Baba, ciki muka rage, ba mu taɓa maƙogwaro ba. Hancinka ne ya toshe.”

Bai yarda ba, amma ya bi umarni, don Winifred ta tsaya a kansa.

Ranar Godiyar Kaka an jera doya da masara da kaji a gaban bagade. Malama Bibiana ta ajiye kacau-kacau a kan kujerarsa don kada ya manta da sharaɗi. Da aka zo baitin ta ɗaga hannu, Mordecai ya ja numfashi ta hanci, ya saki. Gilashin taga ya amsa. Winifred, cikin matan zumunta, ta rufe fuska da ɗankwali tana kuka. Shi kuwa daɗi ya kwashe shi, ya ɗora littafin a inda ya saba ya saki hannu biyu, littafin ya faɗi ƙasa tim. Bai tsaya ba, ya ci gaba da rerawa hawaye na zuba.

Na sunkuya na ɗauka, na nemo shafin, na riƙe masa daidai inda tumbin yake a da. Tun daga ranar ni ne teburinsa, matata kuma har yau ba ta ji muryata ba.