Malam Sabo Garmaho na Yakasai Ya Ajiye Sukudireba

Da an idar da sallar Asuba Malam Sabo ba ya komawa gida. Yakan gama laziminsa, ya bi ta lungun masu wankin hula, ya buɗe ɗan shagonsa da ke Yakasai. Abin da yake fara yi shi ne ya ɗora tafin hannu a jikin bango, ya ji ko akwai danshi ko zafin jiya bai gama fita ba. Sannan ya bi faya-fayansa layi-layi yana gyara musu tsayuwa, don ya ce faifan da ya kwanta ko ya jingina da yawa lanƙwashewa yake yi. Sai ya zaro ɗaya, ya goge shi da farin ƙyalle, ya ɗora, ya sauke allura. Kafin gefe ɗaya ya ƙare ba ya karɓar aikin kowa, ko da kuwa Alhajin da ya fi kowa babbar riga ne ya tsaya masa a ƙofa.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan. Tun a watan jiya ya rufe shagon, ni kuwa na kasa samun natsuwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gyaran garmaho ya koya a Sabon Gari tun yana saurayi, lokacin da ake murza wa akwatin hannu kafin ya yi magana. Da irin masu aiki da wutar lantarki suka zo ya koye su, rediyo ma haka. Amma ba gyaran ne ya sa nake jinjina masa ba, masu gyara da yawa a birni. Lokacin da Turawan reluwe da na kamfanonin gyaɗa suke tattara nasu ya nasu, sun bar faya-fayai a hannun kukunsu da direbobinsu, yawanci irin waƙoƙin da mutanenmu ke kira kiɗan kaboyi. Wasu aka ba yara suka yi gare-gare da su, wasu rana ta narkar. Malam Sabo ya riƙa bin su gida-gida yana tsintowa. Yau sun haura ɗari shida.

Ba mawaƙan ne suka dame shi ba, ba ya ma jin Turancinsu. Akwai wata jita a bayan muryar, wadda ba a rataya ta a wuya. Kwantar da ita ake yi a cinya ko a kan ƙafafu kamar ƙaramin tebur, makaɗin yana zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Sautinta ba ya tsalle daga wannan murya zuwa waccan, sulalewa yake yi, kamar mutum na son ya yi kuka yana dannewa. Ita Malam Sabo yake bi.

Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma ta nan muka saba. Wata rana na kai masa rediyona, ya miƙo mini kwalin wani faifai ya ce, "Malam Abdulhakeem, duba mini bayan nan. Wa ya kaɗa jitar?"

Na karanta masa sunan mai waƙar.

Ya ce, "Ba shi ba. Shi ai ga hotonsa da malafa. Na bayansa nake tambaya."

Na duba sama da ƙasa, babu. Ya girgiza kai ya ce, "Mutum ya yi wannan aiki a ce ko sunansa ba a rubuta ba."

Saboda haka shi ya raɗa musu sunaye. Akwai Mai Sanyin Hannu, akwai Ɗan Gaggawa, akwai wanda yake kira Maraya, domin a cewarsa kullum sai kowa ya yi shiru yake shigowa. Da farko na ɗauka raha ce. Ran nan na gwada shi a gaban mutum biyar. A wasu faya-fayan akan rubuta sunan makaɗin da ƙananan baƙaƙe, sai na ware guda takwas, na juya masa baya, na riƙa ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Bai kai rabin waƙa yake cewa, "Wannan da na biyun ɗazu hannu ɗaya ne." Na duba kwali, haka ne. Mawaƙan daban, shekarun daban, amma makaɗin ɗaya. Sau takwas bai kuskure ba.

Amininsa Gwadabe mai kukuma yana wurin ran nan. Shi ma tsoho ne, ya daina zuwa biki, sai dai ya zo shagon ya zauna a benci. Da aka sa na Maraya ya sunkuyar da kai har aka gama, sannan ya ce, "Sabo, wannan Baturen ya taɓa binne wani nasa. Hannun da bai yi rashi ba ba ya jan tsirkiya haka." Malam Sabo ya ce, "Shi ya sa nake sa shi a addu'a ta alheri, ko yana raye ko ba ya raye, Allah ne ya sani."

Mutanen layin ba su manta da zuwan Ya Kaka ba. Dattijuwa ce 'yar asalin Barno, mijinta Ibrahim direban babbar mota ne tsakanin Kano da Maiduguri har Allah ya yi masa rasuwa. Bayan ta fita takaba ta zo da wani faifan marigayin naɗe a zane. An bar shi cikin akwatin ƙarfe bazara biyu, ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Ta ce, "Malam Sabo, an ce a jefar. Na ce sai ka gani."

Ya ce, "Hajiya, ban yi alkawari ba. Ki ba ni kwanaki."

Ya sa shi tsakanin gilasai biyu, kullum da hantsi ya fito da shi rana na ɗan lokaci, yana tsaye a kansa yana taɓa gilashin da bayan hannu, sannan ya mai da shi inuwa ya ɗora masa nauyi. In ya zarce da minti ɗaya layukan waƙar sun narke, in ya gaza bai miƙe ba. Kwana tara yana haka. Ran na goma ya aika mata. Ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta, allura ta sauka, mai waƙa ya yi baitinsa. Da jitar ta shigo sai Ya Kaka ta ɗaga hannu ta ce, "Nan ne. Nan ne marigayi yake cewa kowa ya yi shiru." Masu wankin hula da ke gefe suka tsayar da aiki har aka ɗage allura.

Kai ne, Malam Sabo, wanda ake kawo wa abin da kowa ya yanke wa ƙauna. Kai ne ba ka taɓa barin kiɗa ya haɗu da kiran salla ba, tun ladan bai gyara murya ba ka ɗage allura. Shi ya sa ko malaman unguwa da ba sa son kiɗa ba su taɓa ɗaga maka murya ba, su ma rediyonsu a hannunka yake warkewa.

A bazarar bana abin ya fito fili. Ya gama gyara wata na'ura, ya ɗora faifai don gwaji, ya koma yana goge hannu. Gwadabe ya ɗago kai ya ce, "Sabo, yau mutumin nan sauri yake yi."

"Wane sauri? Daidai yake."

"Wallahi muryarsa ta hau. Kamar an matse masa wuya."

Ni ma na ji. Malam Sabo ya kalle mu, ya cire agogonsa, ya ɗiga alli a gefen faifan, ya ƙirga zagayensa na minti ɗaya. Ya wuce ƙa'ida. Ya kashe na'urar, ya sake buɗe cikinta, ya gyara, wannan karon da agogo da ido. Can Gwadabe ya tafi.

Da muka rage mu biyu ya ce, "Malam, matso ta dama." Na matsa. Ya ce, "Kunnena na hagu ya mutu shekara biyu ke nan. Na daman kuwa kamar an kunna injin niƙa a cikinsa. Ina jin ganga, ina jin mai waƙa sama-sama. Siririn sautin ne ya fara tafiya." Ya nuna faya-fayan da haɓa. "Su ne ba na ji."

Na ce to me ya sa yake ɗora faifai kullum da safe?

Ya ce, "Na san inda kowa yake shigowa. Ina kallon allura."

Likita ya duba shi, ya ce jijiya ce, ba ta dawowa, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Amma bai rufe shago nan da nan ba, saboda makon miƙa mulki ya gabato, kuma kusan kowane gida a Yakasai ya fito da rediyonsa. Mutane ba su yarda soja za su tafi da gaske ba. Kowa yana so ya ji da kunnensa. Rediyo ashirin da wani abu ya gyara a kwana shida, yana ɗora yatsa a kan lasifika don ya ji motsinta, Gwadabe na zaune yana gaya masa in muryar ta fita tas.

Ranar Asabar ɗin da za a miƙa mulkin shagon ya cika har waje. Mun taru a kan rediyo ɗaya, kuma duk wanda ya kai shekaruna ya san abin da muke tsoro, kada magana ta yanke a ji kiɗan soja. Can sai muryar ta ɗauke na ɗan lokaci, wani ya ce, "Innalillahi." Malam Sabo ba ya jin komai daga rediyon, fuskokinmu kawai yake bi da ido. Ya kama hannun rigata ya ce, "Mene ne? Sun fasa?" Na ce a'a, iska ce. Ya miƙa hannu ya ɗan juya eriya, muryar ta dawo. Da aka gama rantsuwa mutane suka yi ta hamdala, ya sake tambaya, "Sun miƙa?" Na ce sun miƙa. Ya ce, "Na ga mulkin farar hular da soja suka miƙa wa na farko. Shekara huɗu da wata uku ya yi. Allah ya sa wannan ya fi shi kwana." Washegari ya naɗe sukudirebobinsa a tsumma ya ɗaure.

Saura faya-fayan. Shagon ginin ƙasa ne, azararsa ta fara saki, ga damina ta kankama. 'Yarsa Nana Khadija, malamar firamare da ke aure a Shahuci, ta kwashe kayan ɗaki guda ta ce, "Baba, a kawo su nan, kai ma ka riƙa wuni a wurina." Ya ƙi a sa su a baro, ya ce girgiza na fasa tsofaffin. Da hannu muka ɗebe su, goma-goma, a tsaye, a rungume a ƙirji, safiya uku muna ratsa lunguna.

A safiya ta uku na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na zo tsallake kwata, santsi ya kwashe ni, ɗaya ya zame daga cikin kwalinsa ya faɗi kan dutse ya rabe uku. Na ɗaga takardar tsakiyarsa na duba. Na Maraya ne, wanda ya fi so, kuma babu na biyunsa. Na tsaya riƙe da gutsattsarin. Ya iso, ya karɓa, ya haɗa su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Na ce, "Malam Sabo, ka yafe mini."

Ya ce, "Bar shi, Malam. Ni ai na riga na daina jin sa. Ku nake tausayi, da ba ku gama jin sa ba."

Yanzu suna Shahuci, a kan katako, nesa da bango. Nana Khadija tana goge su ranar Lahadi yadda ya nuna mata. Amma hankalina bai kwanta ba. Allurar da ta rage masa goma sha ɗaya ce, kuma na zagaya Kurmi da Sabon Gari ban samu mai sayarwa ba. Na'ura biyu kawai ke aiki, kuma duk birnin nan ban san wani da zai buɗe cikinsu in sun tsaya ba. Abin da ya fi damuna, babu wanda ya san hannun Mai Sanyin Hannu daga na Ɗan Gaggawa sai shi, kuma ba a rubuce yake ba. Ni da Gwadabe mun fara zama da shi muna ɗaukar su a kaset, yana faɗa ina rubutawa a littafi. Mun yi arba'in da biyu. Gwadabe ya haura saba'in, ni kuma sai Asabar nake samun sarari.

Malam Sabo, mun gode. Ka riƙe amanar mutanen da ba ka taɓa gani ba, waɗanda ba su san akwai wani gari Kano ba balle Yakasai, ka girmama aikin hannunsu fiye da yadda masu buga kwalin suka yi. Ka gyara mana abin jin labari a ranar da muka fi bukatarsa, alhali kai ba ka ji. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka abin da ya rage na jinka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba yabo yake nema ba, hannu yake nema. Idonsa garau yake, yatsunsa ba sa rawa, kuma a shirye yake ya koyar da duk wanda zai zauna. In akwai mai gyaran rediyo a cikinku, ko mai kunnen kiɗa, ko wanda ke da tsohuwar allura a akwatin mahaifinsa, gidan Malama Nana Khadija ba ya ɓata a Shahuci. In kun je ku zauna ta damansa, ku ɗaga murya, kada ku ji kunya.

Jiya da zan taho ya rako ni har zaure. Na gaya masa zan rubuta wannan a jarida. Ya ce kada in cika shi da kirari, in dai faɗi inda yake. Na sa takalmi, sai ya riƙo hannuna ya ce, "Malam, in an buga, kana ganin wani zai zo?"

Na ce in sha Allahu.

Ya ce, "Ko mutum ɗaya ne ya isa. Amma ka ce masa ya yi sauri."