Buraima da Hankakan Zinariya

A shekarar 1982 Dawuda ya fara ganin Buraima, tsaye a ƙofar gidansa da ke unguwar Suwaidi a Riyad, hannun dama naɗe da tsumma. Dawuda Bakano ne, ma'aikacin jinya a wani asibitin Riyad. Buraima kuwa mutumin Damagaram ne, siriri, marar yawan magana, aikinsa narka zinariya a shagon wani maƙeri a kasuwar Batha. Ruwan zinariyar ne ya zubo masa, ga iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, in ya je asibiti sai kamu. Dawuda ya yi ta wanke ciwon yana ɗaurewa har ya warke, bai karɓi komai ba.

Tun daga nan duk Juma'a Buraima yakan zo cin tuwo.

"Badamagare, wanke hannu, nan ba ƙauye ba ne."

"To, Likita. Amma miyar Kanawa ai ba ta kai a wanke mata hannu ba."

A gidan akwai abin da Dawuda yake ji da shi, wata tsabar zinariya mai faɗin tsohuwar dala. Wata likita 'yar Kanada ce ta ba shi ranar da za ta koma gida. A jikinta an zana hankaka mai ƙaton baki, ido kamar ƙwai, da wata fuska ɓoye a cikin fiffike. Ta ce zanen mutanen Haida ne, mazauna wasu tsibirai, masu sassaƙa irinsa a dogayen itatuwa. 'Yan kaɗan aka buga, masu tara irinta kuma sukan biya fiye da nauyinta. Dawuda ya adana ta a gwangwanin alewa, ya ce gadon 'yarsa Aishatu ce.

Matarsa Sailuba ko kallonta ba ta son yi. "Tsuntsu da fuska a fiffike? Baban Aishatu, wannan kayan tsafi ne."

Sau ɗaya Buraima ya taɓa riƙe ta. Ya auna ta a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "A shagonmu duk abin da ke da hoton mai rai wuta yake shiga. Maigidana ba ya tambayar wa ya zana."

Cikin 1986, bayan Aishatu ta tashi daga wani dogon zazzaɓi, Dawuda ya buɗe gwangwanin ya tarar da auduga kawai. Ya tambayi Sailuba, ta ce ita ina ruwanta da hankaka. A makon nan kuma Buraima bai zo tuwo ba, haka Juma'ar da ta biyo.

Zuciyar Dawuda ta fara tsinto abubuwa: yadda aka auna ta a tafi, da zancen wuta, da idon da ya bi gwangwanin har kan kabad. Ya je Batha ya tsaya tsallaken titi yana leƙe. Buraima na nan da tsohuwar rigarsa da tsofaffin silifas, Dawuda ya ce a ransa ai mai wayo ba zai yi sabon ɗinki yanzu ba. Ya ƙetara.

"Hankakana ya tashi, Buraima."

"Allah Ya bayyana shi, Likita."

"Kai kaɗai ka san gwangwanin nan."

Buraima ya ɗago kai. "Ni kaɗai?" Sai ya koma kan wutarsa.

Dawuda ya yi niyyar kai ƙara. Har ya kama hanya, ya tuna hukuncin sata a ƙasar, ya tuna kuma hannun da ya yi jinya. Ya juya gida. In sun haɗu a masallaci sai gaisuwar fatar baki, babu Badamagare, babu Bakano. Ya dai ji labari Buraima ya fasa tafiya gida a shekarar, alhali ya daɗe yana sayen zinariya kaɗan-kaɗan saboda ranar komawa. Wannan ma Dawuda ya sa shi cikin zargi: ya ɗanɗana, ya ƙi tafiya.

A 1989 aikin Dawuda ya ƙare. Ana ɗaure kaya da hantsi sai ga Buraima da kwalin dabino.

"Kada a buɗe sai Kano. Na san ku da haɗama."

Dawuda ya karɓa a sanyaye, ko ruwa bai sa an kawo masa ba.

A Kano ana rabon tsaraba Sailuba ta juye kwalin a faranti, wani ƙulli ya faɗo. Dawuda ya kwance. Hankakan ne, ko ƙwarzane babu.

Sailuba ta zauna daɓas, hannunta ya kai kan 'yan kunnen da ta ce masa da adashi ta saya.

"Ni na kai masa," ta ce. "Lokacin ciwon Aishatu. Na ce ya narka wannan abu ya raba mu da shi, na roƙe shi don Allah kada ka ji. Ya ba ni 'yan kunne da sarƙa, aka auna a gabana, nauyi ɗaya."

"To zinariyar wa ce a kunnenki?"

Yana faɗa sai ya tuna zinariyar da Buraima ya tara ta komawa gida. Ya san wanda ya fasa tafiya gida a shekarar, ya san kuma abin da ya hana a dawo da tsabar tun da wuri: da ta dawo, da asirin Sailuba ya tonu a ƙasar mutane.

Dawuda ya rubuta wasiƙu zuwa Batha, ba a amsa ba. Daga baya wani alhaji ya ce Buraima ya koma Damagaram yana ƙera azurfa.

Da Dawuda zai mayar da tsabar cikin ƙullinta sai ya lura da ƙyallen. Bandeji ne fari, an naɗe shi an soke bakin ta ƙasa, daidai irin ɗaurin da yake yi wa hannun Buraima.