Bindigar Ganin Wata

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ɗanjumma ya shigo ofishinmu a Ƙaura Namoda ba, ana gab da azumi. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ina kofur, ni ne a teburin sabunta lasin bindiga. Ƙa'idar ita ce duk shekara mai bindiga ya kawo ta a duba, ya biya, a buga masa hatimi. Wanda ya kasa biya, sai ya bar ta a sito.

A shekarar an tsawwala kuɗin. Sufetonmu yana cewa idan lasin ya yi tsada bindigogi za su ragu a hannun jama'a. Saje Haruna kan yi dariya: "Yallaɓai, ka taɓa ganin ɓarawon shanu a layin nan?" Ni kuwa bayan Sufeto nake, don ina neman ƙarin igiya.

Baba daga wani ƙauye bayan Moriki ya zo, da adakarsa naɗe a tsohon zane. Na faɗa masa sabon kuɗin. Ya ƙirga abin da ke aljihunsa, bai kai ba.

"Ɗana, wagga ba ta farauta ba ce. Albarushi da tsumma kaɗai take ci. In an ga wata ni ke buga ta, rugage su ji su ɗauki azumi. Tun ubana haka aka yi."

Na ce, "Baba, doka ba ruwanta da wata."

Saje ya raɗa mini in kai shi wurin Sufeto, yana da ikon ɗaga masa ƙafa zuwa bayan salla. Na yi kamar ban ji ba.

Baba ya ce, "To, a ɗure take, kuma ba a sauke ta sai an buga." Muka zagaya bayan ofis, ya ɗaga sama ya buga. Wani mai shayi ya ɗaga murya: "Kofur, watan naku da rana ya tsaya?" Har Baba sai da ya yi dariya. Ya miƙo mini ita da hannu biyu. "Ka riƙa shahwa mata mai."

Daga baya Saje ya kawo labari: mutanen rugagen sun yi ta jiran ƙara, suka sha azumin farko, sai ramawa suka yi.

Da kaka Baba ya dawo, mutanen ƙauyen sun haɗa masa kuɗin. Na ɗauko ta daga sito, damina ta bi ta kanta, kunamar ta cije da tsatsa. Ya ja, ya sake ja. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba ka shahwa mata ba."

Allah ya yafe mini. Ku da ke teburin nan yanzu, kuɗin ba ku kuka sa ba, na sani. Amma wanda ya ɗauko bindigarsa ya kawo muku da ƙafarsa, ku tambaye shi abin da yake yi da ita kafin ku buɗe sito.