Kawu a Tsakiyar Fili

Kulob bakwai na buga wa ƙwallo a cikin shekara goma sha biyar, kuma babu wanda na cika shekara uku a cikinsa. Daga Gombe zuwa Lafiya, daga Lafiya zuwa Makurɗi, kullum jakata a ɗaure take. Ɗan tsakiya ne ni, mai lamba takwas, irin wanda yake gudu har ya kusa amai, sannan a tafa wa wanda ya ci ƙwallon. Na dawo ɗakina na Samaru da gwiwar hagu mai ciwo, da takardar da ta ce shekarata ashirin da biyar. Gaskiyar magana kuwa, talatin da biyar gare ni. A sana'armu kowa yana da shekarun gida da shekarun ƙwallo, ba mai tambayar wani.

Sai na ji wani sabon kulob zai gwada 'yan wasa a wani fili a Sabon Gari. Lamba takwas ɗaya suke nema, kuma koci ya ce wanda ya haura ashirin da shida kada ma ya ɓata kuɗin motarsa. Na san in wannan ta wuce ni, na gama ƙwallo ke nan. Da safe na aske kaina ƙwal saboda furfura, na naɗe gwiwar da bandeji, na ja doguwar safa na rufe, na hau keke daga bakin kasuwar Samaru.

Muna tsaye a layi, kocin yana duba takardu. Ɗan kudu ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa ɗanɗano, idonsa kuma kamar na mai sayen akuya. Ya kalli takardata, ya kalli ƙeyata, ya wuce. Ina cikin sauke ajiyar zuciya na hango ɗan yayata yana shigowa da but ɗinsa na ƙwallo a rataye a wuya. Shekararsa ashirin da biyu. Ni na ɗauko kujeru ranar sunansa a Palladan, ni na saya masa ƙwallonsa ta farko. Ban san zai zo ba, shi ma bai san ina nan ba.

Na harare shi, na girgiza kai, na juya baya, duk a banza. Uwarsa ta yi masa tarbiyya har ta yi yawa. Ya ratso layin nan, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutum talatin.

"Kawu, ina kwana? Ya ƙafar?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Wani ya fashe da dariya a bayana. Kocin ya dawo a hankali, ya tsaya a kanmu, ya karɓi takardar yaron ya duba.

"Kai, tashi. Wannan tsugunnon duk na ratar shekara uku ne? Wace ƙafa kuma?"

"Haka muke a gidanmu, koci," na ce. Ya juya ya raba riguna. Ya ba ni ja, ya ba ɗan yayata shuɗiya, dukkanmu a tsakiya, fuska da fuska.

Aka busa usur. Minti goma na farko na yi wasan da rabona da shi tun ina Lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Sai na gane dalili. Duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafata, yaron nan sai ya rage gudu, ya ba ni hanya kamar mun haɗu a ƙofar zaure. Sau ɗaya kafaɗarsa ta taɓa ni, har da cewa, "Yi haƙuri, Kawu." Na ji haushinsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. In ya ci gaba a haka, rigar tawa ce.

Koci ya daka masa tsawa daga gefe. "Mai shuɗiya! Tsoronsa kake ji? In ka sake kauce masa, ka kama hanyar gida!"

Na kalli yaron, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na sha ganinsa yana wasa a unguwa, na san ya fi ni gudu, ya fi ni numfashi, ya fi ni komai ban da wayo. Na tuna uwarsa tana zaune a rumfarta a kasuwar Sabon Gari tana auna wake, tana gaya wa kowa ɗanta ya gaji ƙaninta. Da aka tsaya jefa ƙwallo, na matsa kusa da shi.

"Kai, a nan ba ka da kawu. In ka sake ba ni hanya, kada ka ƙara taka ɗakina."

"Kawu, gwiwarka fa."

"Na ce ka shigo!"

Ƙwallo ta gaba da ta zo mini, na tare ta, na juya ta hagu kamar yadda na saba. Ya san juyin, don ni na koya masa. Ya shigo da ƙarfinsa duka, ya ɗauke ƙwallon tsaf, babu laifi ko kaɗan, ni kuma na ji gwiwar ta ce ƙas. Ina kwance ina cizon ciyawa na ga ya wuce mutum biyu, ya miƙa fasin, aka ci.

Aka ja ni gefe. Kocin ya zo ya zuge safar, ya ga bandeji, ya tambaye ni a hankali, "Tsakani da Allah, nawa?"

"Talatin da biyar," na ce. Rabon da in faɗa da bakina har na manta.

Da aka tashi, ɗan yayata aka miƙa wa lamba takwas. Ya taho da rigar a hannu yana hawaye, ya sake durƙusawa a gabana. Wannan karon ban harare shi ba. Na kwance igiyar but ɗina, na ce ya gwada ko za su yi masa.