Ranar da Na'urarmu Ta Kori Mamaci

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a shagon simintin kawuna, ba zan manta ranar da na'urarmu ta kori mamaci daga aiki ba. Shekaru sun shuɗe, amma abin yana nan a raina kamar jiya.

A lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, ni ce ke zama a ofishinsa da ke Jambutu, cikin Garwa. Siminti yake sarowa daga Figil, manyan motocinsa suna raba wa masu gini. Kiran waya ya ishe shi, uzurin direbobi kuma ya fi isarsa. Sai aka haɗa shi da wani injiniya daga Duwala, ya tsara mana aikin a kwamfuta. Da mai saye ya aiko da buƙatarsa ta waya, na'urar za ta zaɓi direba ta tura masa saƙo. In bai amsa ba ta tuna masa, daga nan gargaɗi, daga ƙarshe ta dakatar da shi. Kawu da kansa ya ce a sa wannan na ƙarshen. "Ita ba ta san sanayya ba," in ji shi, yana murmushi. Injiniyan ya ce ba sai mun taɓa komai ba, ya kama hanyarsa. Gaskiya kuma aiki ya yi sauƙi, har muka saki jiki.

Cikin direbobin akwai wani dattijo da ya fara tuƙi tun zamanin kakanmu. 'Yata yake ce min. Ba ya karanta Faransanci, saƙonnin kuwa da shi suke zuwa, don haka na nuna masa inda zai danna kawai idan saƙo ya shigo, bai kuwa taɓa ƙin amsawa ba. Wata rana yana dawowa daga Figil da lodi, tayar gaba ta fashe, motar ta kife. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Jandarmomi, wato jami'an tsaro, suka miƙa wa iyalinsa wayarsa da hularsa.

Muka rufe shago muka tare a gidan makoki. Babu wanda ya tuna da kwamfuta. Ashe masu saye suna ta aiko da buƙata, ita kuma tana ta neman direbanta.

Ranar sadakar uku ina cikin gida tare da mata. Wayar marigayin tana gefen matarsa a kan tabarma, ba ta rabuwa da ita. Ta yi ƙara, matar ta ɗauka gaisuwa ce, ta miƙa wa babbar 'yarsu, wadda malamar makaranta ce, ta ce ta karanta wa mutane. 'Yar ta fara karantawa a fili da Faransanci, sai ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta fassara da Hausa a hankali: saboda ƙin amsa kiran aiki ba tare da dalili ba, an dakatar da kai. Da sunan shagon kawuna a ƙasa.

Na buɗe baki in yi bayani, amma me zan ce wa tsofaffin matan nan? Na'ura ce? A wajensu saƙo ba ya zuwa sai wani ya aiko shi. Matar ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce min, "'Yata, ki ce wa Alhaji ya yi haƙuri. Ba da gangan ya ƙi zuwa ba."

Ban san lokacin da na hau babur na nufi ofis ba. Na nemi in cire sunan marigayin daga kwamfutar, aka ce sai da kalmar sirri, ita kuma tana hannun injiniyan. Na zare wayar wuta daga bango, ina tsammanin shi ke nan. Ashe aikin ba a cikin kwamfutarmu yake gudana ba, yana can wani wuri ta intanet. Muka yi ta kiran injiniyan, wayarsa a kashe. Kawu ya shigo idanunsa jajur yana cewa, "Kashe ta! Ki kashe min ita!" Na ce, "Kawu, ba mu da hanyar kashe ta." A ranar na ga ya zauna a kan buhun siminti ya riƙe kai.

Washegari wani saƙon ya sake shiga, wai ya dawo da makullin mota. Dole 'yar ta cire layin, alhali ta nan danginsa na wajen Mindif suke kira su yi ta'aziyya.

Da aka samu injiniyan, kafin in gama shan ruwa ya gyara. Ya ba da haƙuri sosai. Ya ce ya tanadi rashin lafiya, ya tanadi lalacewar mota, amma mutuwa ba ta zo masa a rai ba. Mu ma ai ba ta zo mana ba.

Kawu ya je har gida ya durƙusa. Matar ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe ɗin. Amma ɗansu da aka shirya zai karɓi tuƙin ya ce ba zai yi aiki a wajenmu ba. Tana fita takaba suka tattara suka koma Mindif, zumuncin da aka gina tun kaka da kakanni ya mutu a nan.

Yanzu ni ma ina da nawa kasuwancin, na'ura kuma tana yi min ayyuka da yawa. Sai dai duk wanda zai tsara min aiki, tambayata ta farko ita ce, ta ina zan tsayar da shi da hannuna? Na koyi cewa abin da ba ka iya dakatarwa ba naka ba ne. Magana mai nauyi kuma, irin wadda za ta raba mutum da abincinsa, ba a barin ta ta fita sai wani mai zuciya ya gani tukuna.