Mai Yi wa Waya Sulke

A sabon ofishin awon hatsi na Wudil, wanda arzikin fetur ya kawo mana, wani dattijo yana durƙushe a ƙarƙashin tebur. Siriri ne, ya naɗe hannun riga, ya tura hula ƙeya. Wayar da ke kai awon sikeli zuwa kwamfuta yake sauyawa. Yana zura ta cikin ragar tagulla, yana liƙe bakin da dalma, yana cije leɓe.

Masinja ya ce mini ragar don kada injin niƙan maƙwabta ya rikita lambobi ne. Amma ga dattijon yana shafa mata dakakken barkono.

Ina jin gafiya ce ta gaigaye tsohuwar wayar ranar da manyan baƙi suka zo daga Kano, aka ci masa mutunci a bainar jama'a.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

Bai ɗago ba. Ya jawo matacciyar gafiya daga bayan buhu, ya ɗaure wutsiyarta da guntun tsohuwar wayar, ya rataye ta a saman raminta.

"Kada kowa ya sauke ta," in ji shi. "Sai danginta sun zo ta'aziyya."