Kwalbar almiskin Inna

"Rufe ido. Me kika ji?"

Gaisuwar Inna ke nan kowace safiya, da kwalba a bakin hancina. Masu tambayar ina na shige tun damina, ina Dungas, a tsare a ɗakin mahaifiyata.

Mura ce ta zo, ta tafi da hancina: ba ƙamshi, ba wari. Ban gaya wa kowa ba, sai ranar da maƙwabciyata a Magaria ta banko ƙofa tana salati. Gaz ya cika ɗakin, ni kuwa ina neman ashana.

Washegari Inna ta zo ta kwashe ni, ta ɗaure makullina a bakin zanenta. Ta ce sai na ji ƙamshi zan koma gida da aiki.

A asibitin Damagaram sikanar ɗaukar hoton kai ta lashe albashina. Likita ya ce, "Babu ƙari a kanki, madam. Ki riƙa shinshina citta da kanumfari safe da yamma. Zai iya dawowa, zai iya ƙi."

Na ji tsoro. Wanka nake ta yi, don ban san ko ina wari ba.

A hankali citta ta dawo, sai hayaƙin baburan kabu-kabu. Amma Inna da abu guda take jarraba ni: farin almiskin da take haɗa humra da shi. Ni kuwa a hancina kamar ruwa.

Da na koma, likita ya tuna mini abin da na taɓa haddacewa a jami'a: ƙwayoyin gado ne ke ƙera wa hanci abin kama kowane ƙamshi, kuma akwai waɗanda aka haifa ba sa jin wani almiskin. Na fassara wa Inna.

"Gado? Wa kika gado? Ni hancina lafiya lau. Zauna."

Na zauna.

Shekaranjiya muna cikin ɗaki na ce, "Inna, wakenki ya kama." Ta ja hanci, ta harare ni, ta fita. Can na ji tana kankare tukunya.

Na gode wa Allah, da maƙwabciyata. In ƙamshi ya ɗauke muku, ku faɗa, ku ga likita, kada ku zauna da gaz ku kaɗai.

Yau da safe ba kwalba. Inna ta kwance bakin zane, ta miƙo mini makullina.

"Ki riƙa rufe gaz ɗin, sarkin hanci."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na tsayar da kabu-kabu.